Kafin ka kashe ka kunna: me ke cinye ƙarfin sabar rumbun bayanai?

Saura kwana uku Babbar Sallah, bayan la'asar, ina cikin torotoro, motar haya, tsakanin Adum da Asawase a Kumasi wayata ta yi ƙara. Wani Alhaji ne da nake kula wa da kwamfutocin ofishinsa a Aboabo. Sana'arsa susu, irin adashen da 'yan kasuwa ke zubawa kullum su kwashe idan wata ya ƙare. Yaransa na zagaya Kejetia da Alabar da wayoyi a hannu, su karɓi sidi 10 nan, sidi 20 can, su shigar a manhaja. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce: "Malam, abin nan ya ƙi tafiya. Mutane sun cika ƙofa suna jiran kuɗin rago. Don Allah ka kashe shi ka kunna mana."

Na ce: "Alhaji, a yi mini haƙurin minti 15. In na kashe yanzu zai tashi, amma kafin magariba ya sake kwantawa, kuma ba mu san abin da ya kwantar da shi ba."

Na sauka na raɓa shagon wani abokina mai gyaran waya, na buɗe kwamfutata a kan benci. Wannan minti 15 ɗin nake son mu yi magana a kai, domin abin na damuna ƙwarai yadda muke asarar kuɗin mutane a garin nan saboda ba ma tsayawa mu duba. Duk wanda ya taɓa kai mota Magazin ta Suame ya san bakanike na gari ba ya yarda ka kashe inji kafin ya kara kunne ya ji ƙarar. Haka uwar garke take, wadda 'yan sana'a ke kira saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, inda ake ajiye duk abin da aka shigar a manhaja. Lokacin da take nishi, lokacin ne duk shaida ke a fili: tambayoyin da ke gudana, wato buƙatun da manhaja ke aika wa rumbun, wanda ya aiko su, daɗewar da suka yi. Da zarar ka kashe ta ka share sawun ɓarawo da hannunka. Ƙari a kan haka, sai ta tashi ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato ram, kusan wayam, ta koma ɗebo komai daga faifai, abin da kan sa mintunan farko su fi na baya wuya.

Abu na farko shi ne sanin abin da lambar ke faɗa. Mutum zai ce maka "lodi ya hau", ka tambaye shi nawa, ya ce 12, yana zare ido. To 12 a kan me? A Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, idan ka buga umarnin uptime ko top za ka ga lambobi uku a jere, matsakaicin lodi na minti 1, da minti 5, da minti 15. Ɗauki shagon tela a makon Sallah. Kekuna huɗu ne a shagon, su ne ƙwayoyin furosesa, sashen kwamfuta mai yin lissafi, kuma umarnin nproc zai gaya maka nawa gare ka. Lodi 4 na nufin kowane keke na da ɗinki ɗaya, babu mai jira. Lodi 30 na nufin huɗu na kan keke, 26 na jibge a kan tabarma. Saboda haka 12 a inji mai ƙwaya 16 ba komai ba ne, a inji mai ƙwaya 2 kuwa gobara ce. Jerin lambobin ma labari ne: in ta minti 1 ta fi ta minti 15 girma sosai, matsalar yanzu take tasowa. In akasin haka ne, tana lafawa.

Amma akwai wani tarko da ke kama har tsofaffin hannu. Tun 1993 aka sauya lissafin Linux ya riƙa haɗawa da ayyukan da ke jiran faifai, waɗanda top ke yi wa alamar D. Wato telan da ya naɗe hannu yana jiran yaron da ya aika Kejetia sayen zare, shi ma ana ƙirga shi cikin lodi alhali kekensa a tsaye yake. Sai ka ga lodi 20 amma furosesa na hutawa. Wanda ya sayi ƙarin kekuna a wannan hali ya zubar da kuɗinsa, don zare ne bai iso ba.

Layi na uku na top ne ke raba gardama. Harufan us na nuna ƙarfin da manhajoji ke ci, kuma a sabar rumbun bayanai galibi tambayoyi ne. Harufan sy na nuna abin da tsarin Linux kansa ke ci, wanda kan kumbura idan ayyuka sun yi yawa ana ta sauke wannan a ɗora wancan. Sai wa, lokacin da ake zaman jiran faifai, da id, hutu. Na ƙarshe shi ne st, wanda masu hayar saba a gajimare, wato a injinan wani kamfani ta intanet, ya kamata su sa wa ido: lokacin da injinka ya nemi aiki amma mai gidan ya miƙa keken ga wani ɗan haya. Ƙananan injinan AWS, gajimaren kamfanin Amazon, masu suna T2 da T3, waɗanda muke yawan ɗauka don araha, suna tafiya ne da wani irin guzuri da suke tarawa lokacin hutu su kashe lokacin aiki. Idan guzurin ya ƙare, ko dai a rage maka gudu ko a ƙara maka caji, gwargwadon tsarin da ka zaɓa. Na sha ganin an kwana ana zargin tambayoyi, ashe guzuri ne ya ƙare tun azahar.

A injin Alhaji ƙwaya 4 ce, lodi ya haura 30, us ya kusa cinye komai, wa da st ba su taka kara sun karya ba. Ke nan ciwon furosesa ne na gaske, kuma daga wata manhaja yake.

Wace manhaja? Wannan tambayar ana yawan tsallake ta, don an riga an yanke hukunci cewa tunda sabar rumbun bayanai ce, rumbun ne mai laifi. Sau da yawa aikin kwafin ajiya ne da wani ya saita ya tashi da rana tsaka, yana matse fayil da gzip. Wani lokaci kuma baƙo ne ya shigo. MySQL da PostgreSQL manhajojin rumbun bayanai ne. Ƙofar MySQL lamba 3306 ce, ta PostgreSQL 5432, kuma dare da rana akwai injinan ɓarayi da ke bi gida gida a intanet suna taɓa waɗannan ƙofofi. Wanda ya bar tasa a buɗe da kalmar sirri mai sauƙi, za a dasa masa manhajar haƙar kuɗin kirifto, galibi Monero. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Kinsing, kan bayyana a top da suna kdevtmpfsi, don ka ɗauka wani sashe ne na Linux. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka ga irin wannan, kada ka tsaya a kashe aikin, domin zai dawo. A ɗauka an shiga gidan gaba ɗaya, a gina sabon inji, a sauya duk kalmomin sirri, musamman inda kuɗin jama'a ke ciki.

Masu ajiye saba a ofis suna da nasu. Furosesa na rage wa kansa gudu idan ya yi zafi don kada ya ƙone. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, an kashe na'urar sanyaya ɗaki don a rage shan mai, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun bara. Aikin da yake yi jiya da rabin ƙarfinsa yau sai ya cinye duka. Wannan tsintsiya da buroshi ke maganinsa.

A wajen Alhaji dai mysqld, wato manhajar MySQL kanta, ne a saman jeri. Na shiga cikin rumbun na buga SHOW FULL PROCESSLIST, wanda ke nuna duk tambayar da ke gudana a wannan daƙiƙar. Mai PostgreSQL sai ya duba pg_stat_activity. Na buga sau biyar, ina barin 'yan daƙiƙu tsakani, domin kallo ɗaya na iya yaudara. Duk bugun, fuska ɗaya nake gani sau ashirin da wani abu: a kawo tarihin zubin mai wannan lambar waya. Tambaya ce da manhajar ke yi tun ranar da aka kafa ta, kuma na san gurbin lambar waya na da fihirisa.

Bari in tsaya a kan fihirisa, don kusan duk maganar nan a kanta take. Almajirin da ke neman babin alwala a babban littafi ba ya farawa daga shafin farko. Fihirisa yake buɗewa, ta ce masa shafi kaza. Rumbun bayanai ma haka yake yi da jerin da aka tsara. Ko da rabi da rabi kake yanka jeri mai layi miliyan ɗaya, yanka 20 ya ishe ka ka kai ga wanda kake nema, kuma tsarin da MySQL da PostgreSQL ke amfani da shi ya fi haka gajarta hanya, matakai uku ko huɗu ne a jadawali mai miliyoyin layuka. In babu fihirisa, ko akwai amma an kasa amfani da ita, sai a karanta miliyan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Idan jadawalin duka na zaune a ram, faifai ba zai ko motsa ba, furosesa ne zai sha wahalar shi kaɗai. Abin da top ya nuna mini ke nan.

Na kwafi tambayar na sa EXPLAIN a gabanta, wato ina cewa rumbun ya faɗa mini hanyar da zai bi. A gurbin nau'in bincike ya rubuta ALL, ma'ana zai karanta jadawalin daga farko har ƙarshe. A gurbin fihirisar da ya zaɓa, babu komai. Layukan da zai taɓa sun haura miliyan uku. Sai na sake kallon tambayar da kyau, na ga lambar wayar ta fara da 24, babu sifili a gaba, babu alamar zance a kewaye da ita.

Lambobin wayarmu na Gana goma ne, da sifili suke farawa, 024 ko 020 ko 027 da sauransu. Shi ya sa ake ajiye su a matsayin rubutu, don lissafi ba ya riƙe sifilin gaba. Na kira yaron da ke rubuta wa Alhaji manhaja na ce: "Ƙanena, me ka taɓa a makon nan?" Ya ce babu komai, sai ɗan gyara: masu karɓar kuɗi sun yi kukan haruffa na fito musu a wajen shigar da lamba, sai ya mayar da gurbin shigarwa na cikin manhajar ya zama na lissafi. Niyya mai kyau ce, kuma ya gwada ya ga amsa na fitowa daidai. Nan ne muguntar abin take. Idan aka ce MySQL ya gwama rubutu da lamba, sai ya mayar da rubutun lamba, don haka 024 da 24 suka zama ɗaya, amsa ta fito daidai. Amma rubuce-rubuce da yawa na iya komawa lamba ɗaya, mai sifili a gaba, mai sarari a gaba, mai harafi a baya, saboda haka ba shi da wurin da zai buɗe a fihirisa. Dole ya ɗauki kowane layi ya juya shi ya gwada. A kwamfutar yaron layi ɗari biyu ne na gwaji, ko ƙiftawar ido ba a yi ba an gama. Da PostgreSQL ne da ya ƙi tambayar tun farko ya ce rubutu da lamba ba sa gwamuwa, kuma a ganina wannan tsaurin alheri ne.

Wannan ciwo na da 'yan'uwa. Wanda ya naɗe gurbin kwanan wata cikin DATE don ya ciro zubin yau ya rufe wa fihirisa ido, alhali da ya ce daga ƙarfe 12 na daren jiya zuwa 12 na daren yau da ta yi aiki. Wanda ya nemi suna da LIKE ya sa alamar % a gaba, ya zama kamar mai neman kalma a ƙamus da harafinta na tsakiya.

Sai dai kada a ɗauka kullum tambaya ɗaya ce mai nauyi. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne taron ƙanana. MySQL na da rajistar tambayoyi masu jinkiri, amma a kashe take zuwa, kuma ko ka kunna, ma'auninta na asali daƙiƙa 10 ne. Yi lissafi: tambayar da ke cin kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, in ana aiko ta sau 300 a daƙiƙa, ta cinye ƙwaya 6 cur, kuma har abada ba za ta shiga wannan rajista ba. Galibi daga manhajar da ke ciro sunaye 500 take fitowa, sannan ta koma ta tambayi kuɗin kowanne shi kaɗai, tambaya 501 a inda ɗaya ko biyu sun isa. Kamar a aiki yaro kasuwa sau ɗari, kowane zuwa ya sayo albasa ɗaya. Abin da ake nema shi ne jimillar lokaci, yawan kira sau tsawon kowanne. A rage ma'aunin rajistar na ɗan lokaci a ba pt-query-digest na kamfanin Percona ya tattara, ko a duba performance_schema. A PostgreSQL, pg_stat_statements ne ke wannan aiki, kuma ban ga dalilin da zai sa a kafa saba ba tare da an kunna shi ba.

Alhaji ya yi mini wata tambaya mai kyau daga baya: in gyaran yaron ya kwana huɗu, me ya sa sai ranar abin ya tsaya? Amsar tana cikin lissafin layi, wanda wani ɗan Danmak mai suna Erlang ya aza harsashinsa a 1909 yana nazarin kiran tarho. A misali mafi sauƙi, mai hidima ɗaya da mutane masu zuwa babu tsari, idan yana aiki rabin lokacinsa, abin minti 1 zai ɗauke ka minti 2 har da jira. A kashi 80 cikin 100 ya zama minti 5, a kashi 90 minti 10, a kashi 95 minti 20. Ba a hankali yake lalacewa ba. Kwana huɗu injin na tafiya a bakin rami ba wanda ya sani, sai cunkoson Sallah ya tura shi. Daga nan kuma mutane ke ƙarasa shi: mai karɓar kuɗi ya danna bai ga amsa ba, ya sake dannawa, ya sake, ita kuwa tambayar farko tana nan tana gudana ba wanda ya janye ta.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. Saƙo ya fito cewa haɗi ya yi yawa, sai a ruga a ɗaga max_connections, iyakar haɗin da rumbun ke karɓa a lokaci ɗaya, daga 151 da MySQL ke zuwa da shi, ko 100 na PostgreSQL, a mayar da shi 2000. An buɗe ƙofar shago kowa ya shigo, kekuna dai huɗu ne. Tela ya yi ɗinki biyu a wannan riga a fizge a ba shi wata, ba wadda za ta ƙare, sy na ta hawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ke taimako shi ne mai tsaron ƙofa, irin PgBouncer ko ProxySQL, ya riƙe jama'a a waje ya riƙa shigar da kaɗan kaɗan.

Akwai abubuwan da nake dubawa da sauri in wuce. Ma'ajiyar InnoDB ta MySQL da shared_buffers na PostgreSQL, wato rabon ram da rumbun ke riƙe bayanai a ciki, duka megabayit 128 suke zuwa da shi, kuma na sha samun inji mai ram gigabayit 16 ba wanda ya taɓa wannan lamba. Ƙididdigar da rumbun ke dogara da ita wajen zaɓar hanya kan tsufa bayan an loda bayanai da yawa, ANALYZE ke sabunta ta. In duk wannan bai nuna komai ba, sai a sauka ƙasa da perf a ga inda furosesa ke ɓata lokaci a cikin manhajar kanta. Zanen harshen wuta da ake amfani da shi don karanta sakamakon, Brendan Gregg ya ƙirƙiro shi a 2011, kuma matsalar furosesa a MySQL yake bi a lokacin.

Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa tambayar "me ya sauya?" ta fi kowane umarni da na ambata amfani. Wani lokaci ma sauyin daga waje yake zuwa. Daren 30 ga Yuni 2012, ƙarfe 12 agogon GMT, wanda shi ne agogonmu a nan, an ƙara wa agogon duniya daƙiƙa ɗaya. Wani kuskure a cikin Linux ya sa MySQL da manhajojin Java suka haukace suna cinye furosesa a ƙasashe da yawa, har Reddit da Mozilla abin ya taɓa. Ba tambaya ko ɗaya mai laifi. Maganin layi ɗaya ne, a sake saita agogon injin.

Ban ce ba a sayen babban inji ba. Idan kasuwa ta bunƙasa, an gyara manyan tambayoyi, kuma zanen wata shida ya nuna hawa a hankali tare da yawan abokan ciniki, to lokaci ya yi, a saya, ko a kafa saba ta biyu a mayar da rahotanni can. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da saye. Hayar gajimare da dala ake biya, mu kuwa sidi muke samu, kuma kowane wata za a biya. Da mun ninka injin Alhaji, tambayar nan mai karanta layi miliyan uku za ta ci gaba da karantawa, jadawalin na ƙaruwa kullum, kafin azumi mai zuwa mu dawo inda muke da ninkin kuɗin haya. Kuɗin nan kuwa daga ribar mai koko da mai waake da ke zuba sidi 10 yake fita.

Ranar dai na adana hoton top da jerin tambayoyin da sakamakon EXPLAIN a fayil, da kwanan wata da lokaci. Sannan na kashe tambayoyin karatu da suka taru da KILL QUERY. Masu rubuta zubi ban taɓa su ba, domin katse rubutu na sa rumbun ya warware duk abin da ya riga ya yi, kuma warwarar kan fi tufkar daɗewa. Yaron ya mayar da lambar ta riƙa tafiya a matsayin rubutu da sifilinta, ya bar wa masu karɓar kuɗi madannin lambobi da suka roƙa, tunda ana iya samun wannan ba tare da an sauya nau'in gurbin ba. Na sake buga EXPLAIN, layukan da zai taɓa suka dawo 'yan ɗaruruwa, iyakar zubin mutum ɗaya. Lambar minti 1 ta fara gangarowa, ta minti 15 na biye da ita a hankali kamar yadda ta saba.

Ana kiran magariba a Aboabo Alhaji ya bugo ya ce layi ya fara tafiya. Na roƙe shi abu biyu bayan Sallah: a kwafi bayanai masu yawan na gaske, a sauya sunaye da lambobi, a ba yaron ya riƙa gwaji da su, sannan a sa ƙararrawar da za ta aiko mana saƙo idan furosesa ya wuce kashi 70 na tsawon minti 10. Ya ce: "Malam, rubuto mini kuɗin, in an sauko daga Idi ka biyo ta gida."